Amsoshin Tambayoyinku: Nawa ce darajar tsohuwar Marsandin da Baba ya bari?

TAMBAYA: Malam, Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa wata biyar da suka wuce. Cikin abin da ya bari akwai wata tsohuwar Marsandi mai kujera biyu, an rubuta 280 SL a bayanta, sitiyarinta a dama. Tun ina firamare take ajiye a ƙarƙashin rumfar kwano a bayan gidanmu, ta haura shekara talatin ba a tashe ta ba. Tayoyi sun zauna, kujeru sun tsage, fenti ya koɗe. 'Yan gwangwan sun taya ta da kuɗin ƙarfe. Wani dillali ya zo daga Legas ya ce zai ba da naira miliyan biyar nan take. Ƙanena kuwa ya nuna mana irinta a intanet an sa mata dala 150,000, ya rantse ba za a sayar ba sai da kuɗi irin wannan, ya kuma kawo shawarar a yi mata fenti a ɗora mata injin wata mota tukuna. Yanzu rabon gado ya tsaya a kan motar nan, zukata sun fara ɓaci. Ta yaya za mu san haƙiƙanin darajarta?
Daga wani mai karatu, Kaduna.

AMSA: Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa, ya ba ku haƙurin rashinsa, ya kuma haɗa kanku.

Kafin mu taɓa maganar kuɗi, akwai abin da nake roƙon ka yi yau ɗin nan. Ka lallashi ƙanenka ya dakata. Kada a shafa wa motar nan fenti, kada a sauke mata inji, kada a kira bakanike ya ɗaura batir ya murza makulli wai don a ji ko za ta tashi. Ko noti ɗaya aka tsinta a cikin but ɗinta kada a yar. A lulluɓe ta da tamfol, a hana yara wasan direba a ciki. Na fara da wannan ne saboda shi ne kuskuren da in an tafka shi ba ya gyaruwa, dalilin kuma zai fito a gaba.

Farashi uku kuka ji, kuma babu wanda ya yi muku ƙarya a cikin mutanen nan, kowa dai abin da yake kallo daban. Ɗan gwangwan nauyin ƙarfe yake gani, sikeli ne alƙalinsa. Dillali yana lissafin abin da zai rage masa ne bayan ya miƙa ta ga wanda ya aiko shi. Ƙanenka kuwa hoton wata mota ya gani wadda aka zuba wa dukiya har ta koma amarya, a wata ƙasa mai nisa, kuma kuɗin da ya gani wanda mai ita yake fatan samu ne. Darajar da kuke nema tana wani wuri a tsakanin waɗannan ukun, kuma sai an ɗan sha ƙura kafin a gano ta.

Mu fara da sanin ko wace ce. Marsandin nan tana cikin jerin da kamfanin Mercedes-Benz ya sa wa lamba W113. An fara nuna ta a bikin baje kolin motoci na Geneva a watan Maris na 1963 da sunan 230 SL, aka bi ta da 250 SL, sannan 280 SL, wadda aka ƙera daga ƙarshen 1967 zuwa farkon 1971. Duka-duka guda 48,912 aka yi, 23,885 daga ciki 280 SL ne. Wani Bafaranshe mai suna Paul Bracq ne ya zana surarta, masu sha'awarta kuma suna kiranta Pagoda, saboda rufinta na ƙarfe da ake cirewa ya ɗan lotsa a tsakiya kamar rufin ɗakunan ibada na gabashin Asiya. Injinta mai silinda shida ne, lita 2.8, ba ta da kafireto, famfon Bosch ne ke tura mata mai. Mota ce da ake nema ƙwarai a Jamus da Ingila da Amurka, don haka ƙanenka yana da gaskiya da ya ce ba kayan bola ba ce. Amma ka riƙe adadin nan na 23,885 a ranka, za mu dawo kansa.

Rubutun 280 SL da ke maƙale a baya ba hujja ba ne, kowa na iya ɓalle wani ya liƙa wani. Hujja tana cikin lamba. Ka ɗaga bonet, ka nemi lambar shasi a kan ɗan farantin da ke cikin ɗakin inji, sannan ka nemi wadda aka buga a jikin ƙarfen motar kanta ta gefen dama na gaba. Ka goge wurin da tsumma da ɗan kananzir, kada ka kankare. Dole biyun su zama ɗaya. In 280 SL ce ta gaskiya, lambar za ta fara da 113.044. In ka ga 113.042, to 230 SL ce, 113.043 kuma 250 SL. Lambobi biyu da ke biye su ma suna magana: 10 da 12 na masu sitiyari a hagu ne, 20 da 22 na masu sitiyari a dama, mai ƙarewa da sifili giyar hannu ce, mai ƙarewa da 2 otomatik. Taku mai sitiyari a dama ya kamata ta nuna 20 ko 22. Wannan ya dace da zamaninta, don sai ranar 2 ga Afrilu, 1972 Nijeriya ta yi canjin hannu, lokacin kuwa an riga an daina ƙera 280 SL. Masu sitiyari a dama ba a yi su da yawa kamar na hagu ba, kuma babbar kasuwarsu Ingila ce, sai ƙasashe irin su Ostareliya da Afirka ta Kudu. Saboda haka farashin Ingila ya fi dacewa ku bibiya, ba na Amurka ba.

Daga nan sai lambar inji, wadda aka buga a gefen injin, ƙasa da layin fulogogi. Injin 280 SL yana farawa da 130.983. In ka ga 130.980, injin babbar Marsandi 280 SE ne mai ƙofa huɗu aka ɗora mata a wani lokaci, abin da makanikai suka sha yi, tunda injinan 'yan gida ɗaya ne kuma suna zama daram. Motar za ta yi tafiya da shi, amma mai saye na gaske zai rage kuɗi. Sashen tsofaffin motoci na kamfanin Mercedes-Benz a Jamus yana ajiye da katin haihuwar motocin wancan zamani, wanda ke ɗauke da lambar shasi da ta inji, da launin da mota ta fito da shi, da irin kujerunta, da kayan ƙari da aka sa mata. Wanda ya nuna shaidar mallaka yana iya neman kofi. Motar da lambobinta suka yi daidai da katin nan ita ce ake rububi. In kuma katin ya nuna ta fito da giyar hannu mai biyar ta kamfanin ZF, wadda kaɗan ne suka samu, to kun tsinci dami a kala.

Yanzu sai babban al'amari, wato tsatsa. A nan nake so ka fi ɓata lokaci, don a nan rabin kuɗin yake. Mutanenmu in za su sayi tsohuwar mota inji suke fara tambaya: tana tashi? tana hayaƙi? Masu sayen irin wannan kuwa ƙarƙashinta suke fara leƙawa. Inji ko ya kafe ana iya kwance shi a sake ɗaure shi, kuma an san iyakar abin da zai ci. Jiki in ya ruɓe ba a san ƙarshen kashe kuɗinsa ba, domin motar ba ta da wani ƙashin baya daban da aka ɗora jiki a kai, jikin ne gaba ɗaya yake riƙe da kansa. In ƙasanta ya cinye, ƙarfinta ya tafi.

Ka sami tocila mai haske, da sukundireba, da ɗan maganaɗisu irin na jikin tsohuwar sifika. Ka ɗage kafet ɗin ƙarƙashin ƙafar direba da na fasinja, ka danna ƙarfen da bakin sukundireba. Ƙarfe mai lafiya yana amsawa da ƙara, ruɓaɓɓe kuwa yana lotsawa kamar busasshen ganye, wani lokaci ma ka hango ƙasa ta cikinsa. Ka duba dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin kowace ƙofa, da ƙasan but inda safaya taya take kwana, da ramin bayan kujeru inda ake naɗe rufin yadi, da kewayen fitilun gaba, da cikin kaskon tayoyi inda laka ke taruwa. Ka bi gefen motar da maganaɗisu a hankali. Inda ya kama, ƙarfe ne. Inda ya zame ya faɗi, an cika wurin da fila an shafe da fenti. Sai dai ka lura, ƙofofi da bonet da murfin but na wannan mota da alminiyam aka yi su, maganaɗisu ba zai kama su ba ko suna lafiya lau, kada wannan ya tsorata ka. Masana ma har ɗigo-ɗigon waldar kamfani suke dubawa a gefen ciki na ɗakin inji, da wani ɗan tsagi da ke jikin ƙarfe kusa da kowace fitilar gaba. In babu su, sun san an taɓa canza gaban motar, wataƙila bayan haɗari.

A nan ƙasarmu ta yi muku rana. A Turai da arewacin Amurka gishiri ake watsawa a titi lokacin hunturu don ƙanƙara ta narke, gishirin nan kuma shi ya cinye ƙasan dubban motocin wancan zamani. Motar da ta yi rayuwarta a busasshiyar iskar Arewa tana iya fitowa da ƙarfe mai kyau fiye da 'yar'uwarta ta Landan ko ma ta Legas, kuma mai saye ya san darajar haka. Abin tsoro shi ne rumfar kwanon nan. In tana yoyo, damina talatin ta isa ta tara ruwa a ƙarƙashin kafet ya ci ƙarfen daga ciki. Rana kuma tana da nata ɓarnar: ta farfasa fatar kujeru, ta busar da katakon da ke gaban gilashi, ta ƙona duk wata roba. Ɓeraye su ma ba sa barin wayoyi. Amma duk waɗannan ana sayen sababbi, ba su kai tsatsa ciwo ba.

Sannan a ƙirga abin da ya ɓace. Rufin ƙarfen yana nan? Ƙarafan rufin yadi fa? Bambobin gaba da baya, fitilu da gilasansu, ƙarafan ado masu ƙyalli da ke zagaye da jiki, agogunan gaban direba, rediyonta na asali, murafen tayoyi, jak da jakar sifanu, littafinta? Ƙananan abubuwan nan su ne ke karya mai gyara, don ba za ka shiga kasuwar Panteka ko ta Ƙofar Ruwa ka same su a zube ba, daga waje ake odarsu ɗaya-ɗaya da kuɗin waje. Ku bincika ɗakin ajiyar Baba da kyau. Sau da yawa abin da ake zaton ya ɓace yana cikin wani kwali a ƙarƙashin gado. Adadin tafiyar da agogo ya nuna kuwa kada ku dogara da shi, lambobi biyar gare shi, in ya cika yana komawa sifili.

Batun tayar da inji, ga dalilin da ya sa na hana. Shekara talatin man inji ya tsiyaye ya bar ƙarafa a bushe, fetur ɗin tanki ya zama danƙo, famfon Bosch ɗin nan mai tsada wataƙila ya kafe. In aka murza makulli a haka, cikin daƙiƙa kaɗan za a karce silinda, ko a tura datti cikin famfo. Abin da ake yi shi ne a cire fulogogi, a zuba ɗan mai a kowane rami, a bar shi ya kwana biyu, sannan a gwada juya injin da sifana a hankali. In ya juya, ka rubuta cewa inji yana juyawa da hannu. Mai saye wannan kalmar kawai yake so ya ji.

To, an san mota. Saura kasuwa. Ka san dai a Hausa akwai kuɗin da mai kaya ya faɗa, akwai taya, akwai sallama. Abin da ƙanenka ya gani na farkon ne. Mota tana iya shekara a talla da farashin da babu wanda ya taya. Abin da za ku nema shi ne kuɗin da aka sallama, kuma ana samunsa a sakamakon gwanjo. Gidajen gwanjo irin su Bonhams da RM Sotheby's suna wallafa abin da kowace mota ta tashi, haka ma Bring a Trailer da Collecting Cars masu gwanjo ta intanet, inda za ka ga hotuna masu yawa na kowace mota har da ƙarƙashinta. Ku tara guda goma ko fiye na shekara ɗaya ko biyu da suka wuce, ku ware waɗanda aka sayar ba sa tafiya, suna jiran gyara, don su ne sa'o'in taku. Ka tuna kuma adadin da manyan gidajen gwanjo ke bugawa ya haɗa da la'adar da suke ɗora wa mai saye, wadda kan kai kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, kuma mai sayarwa ma ana yankar nasa. Abin da ya shiga aljihun mai mota bai kai abin da aka buga ba.

Kamfanin inshorar tsofaffin motoci na Hagerty a Amurka ya kasa motoci aji huɗu, kuma kusan kowa da ma'auninsa yake magana. Aji na 1 ita ce wadda ba ta da aibi ko na ƙwayar zarra, ta shiga gasa. Na 2 mai kyau ƙwarai, na 3 mai kyau da ake hawa, na 4 mai tafiya amma da lahani a bayyane. Farashi irin wanda ƙanenka ya gani na manyan ajin nan ne. Taku da ba ta motsi ko aji na 4 ba ta shiga ba tukuna.

Ga yadda mai saye yake lissafi, alƙaluman kuma misali ne kawai don ka ga hanyar. A ce bincikenku ya nuna irinta gyararriya mai kyau ana sallamawa a dala 120,000. Gyara na gaskiya, wanda za a tuɓe mota tsirara har ƙarfe, a yanke ruɓaɓɓen wuri a dasa sabo, a kwance inji da giya da birki, a sake fata da katako da wayoyi, ba abin mamaki ba ne ya ci awa dubu na aikin hannu. In ana biyan dala 100 a kowace awa, ka ga dala 100,000 ta tafi tun ba a sayi kayan gyara ba. Ka cire wannan daga wancan, ka ƙara kuɗin kaya, sai ka tarar babu abin da ya saura. Wannan ba baƙon abu ba ne a harkar. Da yawa daga masu gyara irin waɗannan motoci suna kashe fiye da abin da motar za ta tashi.

Za ka ce to me ya sa ake saye? Saboda ba kowa ke biyan wancan kuɗin aiki ba. Akwai mai garejin da aikinsa ke nan, yaransa na kan albashi, kullum yana neman wadda zai gyara ya sayar a babban aji. Akwai mai sha'awa da zai yi shekara biyar yana yi da hannunsa a ƙarshen mako. Akwai kuma wanda ya fi son ya ga ciwon mota da idonsa ya gyara, da ya sayi mai sheƙi bai san abin da ke ƙarƙashin fenti ba. Waɗannan su suka sa 280 SL cikakkiya, mai lambobi daidai, mai ƙarfe lafiyayye, ko ba ta tashi, takan yi dala dubu ashirin, talatin, har fiye a kasuwannin waje. Wadda ta ruɓe, ko aka yashe kayanta, ko aka canza mata inji, tana faɗowa ƙasa sosai, har ta kai inda darajarta ita ce ta sassan da za a cire a jikinta. Shi ya sa ba zan yanke maka adadi daga wasiƙa ba, kada mu yi cinikin biri a sama.

Na san labaran da ke hura wa matasa kunne. A watan Fabrairun 2015 gidan gwanjo na Artcurial ya sayar a Paris da motocin da wani ɗan kasuwar sufuri na Faransa, Roger Baillon, ya tara ya bari a rumfuna shekara da shekaru. Wata Ferrari 250 GT California da aka tarar an jibga mata tsofaffin mujallu a kai ta tashi a kimanin yuro miliyan 16. Kafin nan, a 2010, Bonhams ya sayar da wata Bugatti ta 1925 da aka tsamo daga tafkin Maggiore bayan ta yi fiye da shekara saba'in a ƙarƙashin ruwa, rabinta ya narke, a kan yuro 260,500. Duk gaskiya ne. Amma irin waccan Ferrari 'yan gomomi kawai aka ƙera a duniya, Bugattin kuma labarinta aka saya, aka kai ta gidan tarihi a Amurka aka ajiye yadda take. Taku tana cikin 'yan'uwa 23,885 lokacin haihuwa, kuma da yawansu na nan da rai. Mai saye in kun tsauwala zai juya ya nemi wata.

Ko kun gano farashin sa'o'inta a Ingila, ba shi ne farashinta a bayan gidanku ba. Sai an cire kuɗin ɗaukarta a kan babbar mota zuwa tashar jiragen ruwa ta Legas, da kwantena, da takardun fita, da inshora, da harajin shiga can, da la'adar dillali, da kuma abin da mai saye zai rage saboda kasadar sayen abin da bai taɓa da hannunsa ba. Takardu a nan suna da nauyi. Rasit ɗin saye, tsohon lasisi, takardar kwastan, duk abin da ke nuna motar ta Baba ce, da takardar da ke nuna magada sun yarda a sayar. Mota marar takarda ba ta fita ƙasa cikin sauƙi, ba ta kuma samun rajista a can. Ko hoton Baba yana tsaye kusa da ita a zamanin ƙuruciya ku adana, yana ƙara wa mai saye natsuwa cewa hannu ɗaya ta sani.

Yanzu ka ga dalilin da ya sa na ce a bar fenti da inji. Shekarun baya an kai ni wani gareji a Kano ganin wata irin wannan, tare da wani baƙo da ya zo takanas don ita. Tun daga ƙofa take ɗaukar ido, ja jawur, kujeru an yi musu sabuwar leda, mai ita sai murmushi yake. Baƙon bai ko kalli fentin ba. Ya ɗaga bonet, sai ga injin wata motar Japan mai silinda huɗu. Ya tambayi ina nata, aka ce ai ya daɗe da kafewa, an ba 'yan gwangwan. Ya durƙusa ya ɗage kafet, muka ga an yanko kwanon rufi an toshe rami an shafe da kwalta. Ya miƙe ya karkaɗe gwiwarsa, ya yi godiya, ko tayawa bai yi ba. Har yau ina tuna fuskar mai motar, bawan Allah ya kashe kuɗinsa da zuciya ɗaya yana zaton daraja yake ƙara mata. Hausawa na cewa da sabon gini gara yaɓe, to a wannan kasuwa yaɓen ne abin tsoro. Sabon fenti yana sa mai saye zargin an ɓoye wani abu, kuma zai biya a kankare shi. Har a wajen haraji abin yana tasiri: Ingila tana sassauta wa motar da ta haura shekara 30, ta karɓi kashi 5 cikin ɗari kawai a matsayin kayan tarihi, amma da sharaɗin ba a yi wa injinta ko jikinta wani babban sauyi ba.

Game da dillalin Legas, kada ku kore shi, kada kuma ku sallama masa. Mutumin da ya taso tun daga Legas ya san abin da ya gani. Ka mayar da miliyan biyar ɗinsa dala a canjin yau, ka ajiye kusa da abin da kuka samo a gwanjo. In lambobi sun dace kuma ƙarfe na da lafiya, za ka ga da kanka cewa taya ce ya yi, kuma ta farko. Ku ce masa albarka, ya bar lambarsa. Sannan ku share ƙurar motar da busasshen tsumma, ku tura ta fili, ku ɗauke ta hoto ta kowace kusurwa da rana: lambobi, ɗakin inji, ƙarƙashi, cikin but, da kowane rami na tsatsa ba tare da ɓoye ko ɗaya ba. Ku aika wa gidajen gwanjo da garejin da suka ƙware a kan Pagoda a Ingila da Jamus. Gidajen gwanjo sukan ba da ƙiyasi daga hoto ba tare da an biya ba, tunda suna neman kaya. Taya uku daga mutanen da ba su san juna ba ta fi duk wani ƙiyasi. Wanda kuma ya ce zai saya amma ku fara tura masa wani kuɗi na share hanya, ku rufe ƙofa, ɗan damfara ne. Kada mota ta bar gida sai kuɗi sun zauna a asusu.

Saura gado, wanda shi ne asalin damuwarka. Ku je wurin malamin da ke muku rabo, ko alƙali in a kotu ake yi, ku gaya masa cewa motar nan kimanta ta zai ɗauki wata biyu ko uku, ku tambaye shi ko za a iya raba sauran dukiya a jingine ta da yardar kowa. Duk tayin da aka samu a rubuta a nuna wa kowane magaji, mata da maza, har da waliyyin ƙananan yara in akwai su, don haƙƙin maraya ba a yi masa kintace. In wani daga cikinku yana son ya riƙe ta don tunawa da Baba, babu laifi, amma a lissafa masa ita a kasonsa da farashin da bincike ya nuna, kuma ya sani gyaranta zai iya cin fiye da kuɗinta. Shi kuma ƙanenka, tunda shi ne mai ido a intanet, ku ɗora masa aikin tattaro sakamakon gwanjon. In ya ga alƙaluman da idonsa zai sauko da kansa, gani ya kori ji.

Gobe da safe ka ɗauki tocila da tsumma ka je bayan gida, ka rubuto lambar shasi da ta inji, ka ɗauki hoton ƙasan motar ta ɓangarori biyu. Ka aiko mana su ta wannan fili, in sha Allahu za mu duba tare.